Cutar Zafi a Filin Tanis: Alamominta da Taimakon Farko da Ke Ceton Rai

Cutar zafi suna ne da likitoci ke bai wa jerin matsalolin da ke samun mutum idan zafin da ke taruwa a jikinsa ya fi wanda jikin ke iya fitarwa. Takan fara da ɗaurewar tsoka ko jiri, ta kai ga galabaita, idan kuma ba a farga ba ta rikiɗe zuwa bugun zafi, wanda ke lalata ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, har ya kai ga asarar rai. 'Yan wasan tanis na cikin waɗanda suka fi fuskantar wannan haɗari, tun daga ƙwararrun da ke fafatawa a manyan gasannin duniya har zuwa yaran makaranta da dattawan da ke buga ƙwallo da yamma don motsa jini.

Masana lafiyar 'yan wasa sun yi ittifaƙi a kan cewa bugun zafi na cikin cututtukan da kusan kowa ke tsira daga gare su, matuƙar an sauko da zafin jikin wanda ya kamu cikin minti 30 na farko. Wannan rabin sa'a yakan ƙare ne a bakin fili, kafin a ga likita. Saboda haka makomar ɗan wasan da ya faɗi tana hannun kocinsa da abokin karawarsa da alƙalin wasa da duk wanda ke kusa.

Dalilin da ya sa tanis ke tara zafi a jiki

Zafin cikin jikin mai lafiya yana zama ne a kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Idan tsoka na aiki, kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai na ƙarfin da take ƙonawa ke zama motsi, sauran kuwa zafi ne da dole jiki ya rabu da shi. Jiki yakan tura jini mai ɗumi zuwa fata, sannan ya fitar da gumi. Sai dai fitar gumi kaɗai ba ta sanyaya mutum, bushewarsa a kan fata ita ce ke ɗauke zafin. Gumin da ya tsiyaye ya zuba ƙasa, ko ya jiƙa riga sharkaf ya zauna, asarar ruwa ce da ba ta biya buƙata ba.

Daga nan ake gane abin da ya sa laima a iska ke da haɗari. Idan iska ta cika da danshi, gumi ba ya samun damar bushewa. Idan kuma zafin iskar ya wuce na fata, wato kusan digiri 35, sai iskar ta koma ƙara wa jiki zafi maimakon rage masa.

Tanis na da wasu siffofi da ke tsananta lamarin. Wasa ne da ba a ƙayyade masa lokaci ba, ba ya ƙarewa sai wani ya yi nasara. Wasan ƙarshe na gasar Australian Open ta 2012 tsakanin Novak Djokovic da Rafael Nadal ya ɗauki sa'a 5 da minti 53. A wasan mutum ɗaya da ɗaya babu sauyin ɗan wasa, wanda ya fita ya sha kaye ke nan, don haka da yawa kan daure su ɓoye abin da suke ji. Hutun da doka ta tanada gajere ne: daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, daƙiƙa 90 a lokacin sauya gefe, da minti 2 bayan kammala kowane turmi, wato babban kashi na wasan. Filin kankare ko kwalta kuma yana shan rana ya mayar da ita, ta yadda zafin da ke tasowa daga ƙasa yakan zarce na iskar gari nesa ba kusa ba. Katangu da labulen da ake zagaye fili da su don tare iska su ma suna hana shi shan iska.

A irin wannan yanayi babban ɗan wasa yakan zubar da gumi lita 1 zuwa 2 da rabi a kowace sa'a, wasu ma fiye da haka. Gumin yana fita da gishiri. Da zarar ruwan da aka rasa ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato kusan kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 70, sai jini ya ragu, zuciya ta ƙara gudu, kuzari da natsuwa su fara ja da baya.

Darasi daga manyan gasanni

A watan Janairun 2014, zafin birnin Melbon na ƙasar Ostireliya ya haura digiri 40 kwana huɗu a jere ana tsaka da gasar Australian Open. Frank Dancevic na Kanada ya suma a fili yayin karawarsa da Benoit Paire na Faransa, daga baya ya bayyana cewa ya fara gane-gane kafin ya faɗi. Wani yaro mai tsintar ƙwallo shi ma ya suma. A gasar US Open ta 2015, Jack Sock na Amurka ya zube a fili yana kan gaba a wasa, sai ɗauke shi aka yi. Simona Halep ta Romaniya ta kwana a asibiti saboda ƙarancin ruwa a jiki bayan wasan ƙarshe na Australian Open ta 2018.

A gasar Olamfik ta Tokyo, ranar 28 ga Yulin 2021, an fitar da Paula Badosa ta Sifaniya daga fili a keken marasa lafiya bayan zafi ya galabaitar da ita. A ranar ce kuma Daniil Medvedev na Rasha ya shaida wa alƙalin wasa cewa zai iya kammala wasan amma yana iya mutuwa, ya tambayi wanda zai ɗauki alhaki. Bayan haka masu shirya gasar suka mayar da lokacin fara wasanni daga ƙarfe 11 na safe zuwa ƙarfe 3 na yamma.

Hukumomin wasan sun tanadi dokoki a kan haka. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa mata ta WTA tana da dokar zafi tun 1992, wadda ke ba da hutun minti 10 tsakanin turmi na biyu da na uku. Gasar Australian Open ta fito da ma'auni mai hawa biyar a 2019, wanda ke haɗa zafin iska da ƙunar rana da danshi da saurin iska. A hawa na huɗu ana ba da dogon hutu, a na biyar kuma ana dakatar da wasa. Ƙungiyar maza ta ATP ita ma ta amince da irin wannan doka daga kakar 2026.

Yawancin waɗannan dokoki sun dogara ne da ma'aunin da ake kira WBGT, wanda sojojin Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1950 don rage faɗuwar kurata a sansanonin horo. Kashi 70 cikin 100 na lissafinsa ya ta'allaƙa ne ga danshi, kashi 20 ga ƙunar rana, kashi 10 kacal ga zafin iska. Idan ya kai 30.1 ake ba da hutun minti 10. Wannan adadi ya bambanta da wanda ake ji a rahoton hasashen yanayi, kuma yana iya kai wa haka a ranar da zafin gari bai wuce digiri 33 ba, idan laima ta yi yawa.

Yadda lamarin ya shafi Najeriya

Ana buga tanis a kulob-kulob da barikoki da makarantu a faɗin ƙasar nan, ga kuma gasanni irin su na Dala a Kano, da na Babban Bankin Najeriya a Abuja, da waɗanda ake yi a Legas. Haɗarin yana da fuska biyu. A Sakkwato da Maiduguri da Yola, zafi yakan wuce digiri 40 tsakanin Maris da Mayu. A Legas da Fatakwal da Kalaba kuwa adadin bai cika kai wa haka ba, amma danshi yana hana gumi bushewa. Ɗan wasan da ya saba da busasshen zafin Arewa yana iya galabaita a wasansa na farko a bakin teku, haka shi ma wanda ya taso daga Jos mai sanyi ya sauka Lakwaja. Lokacin hunturu ma yana da nasa tarkon, domin busasshiyar iska tana shanye gumi nan take, mutum ya yi ta rasa ruwa bai ga jiƙa a rigarsa ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan fitar da gargaɗi a ranakun tsananin zafi, kuma ya kamata masu shirya gasa su riƙa bibiyarsa.

Matakan cutar da abin yi a kowanne

Ɗaurewar tsoka. Takan kama ƙwauri ko cinya ko ciki ko hannun da ke riƙe da raket, sau da yawa bayan ɗan tsitstsinke da ake ji a ƙarƙashin fata. Gajiyar tsoka da asarar gishiri ta hanyar gumi su ne kan gaba wajen jawo ta. A dakatar da wasa, a koma inuwa, a miƙar da tsokar a hankali a riƙe ta a haka, a ɗan murza ta, sannan a sha abin sha mai gishiri. Idan babu na kanti, a yi amfani da ƙullin ORS da ake sayarwa a kemis, ko a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ɗaurewar ta game jiki ko ta wuce sa'a guda, a tafi asibiti.

Sumar zafi. Tana faruwa ne idan jini ya taru a ƙafafu, yawanci bayan an daina gudu farat ɗaya, ko an daɗe a tsaye a rana kamar yadda masu tsintar ƙwallo da masu duba layi ke yi. A kwantar da mutum rigingine a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa sama da ƙirjinsa, a sassauta masa tufafi. Mai irin wannan suma yakan farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu da hankalinsa garau. Idan bai farfaɗo ba, ko ya farka yana sambatu, to lamarin ya wuce suma.

Galabaitar zafi. Alamominta su ne gumi mai yawa, kasala, ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko amai, bugun zuciya da sauri, da jin sanyi ko tashin tsikar jiki duk da ana rana. Zafin cikin jiki ya hau amma bai kai digiri 40 ba, kuma mutum yana cikin hayyacinsa: ya san inda yake, yana ba da amsa daidai. A fitar da shi daga fili zuwa inuwa ko ɗaki mai sanyi, a cire takalma da safa da hula da rigar sama, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi ana yi masa fifita. A ba shi ruwa ko ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan idan ba ya amai. Kada a bar shi shi kaɗai, domin galabaita tana iya juyewa zuwa bugun zafi cikin 'yan mintoci. Idan bai samu sauƙi ba cikin minti 30, ko ya kasa riƙe ruwa a ciki, a kai shi asibiti. Ba zai koma wasa a ranar ba ko da ya ce ya warware.

Bugun zafi: yadda ake gane shi

Abu biyu ke tabbatar da bugun zafi: zafin cikin jiki ya haura digiri 40, sannan ƙwaƙwalwa ta rikice. Na biyun shi ne wanda mai kallo ke iya gani da idonsa. Ɗan wasa ya manta makin da ake ciki, ko ya nufi gefen da ba nasa ba, ko ya riƙa tangaɗi, ko magana ta sarƙe masa, ko mai sanyin hali ya fara zagi da faɗa ba gaira ba dalili, ko ya yi zuru ba ya amsawa. Daga nan sai jijjiga ko dogon suma. Tambayoyi masu sauƙi sun isa gwaji: sunansa, garin da ake, wanda yake karawa da shi, da yadda maki yake.

Akwai tsohuwar fahimta cewa mai bugun zafi fatarsa a bushe take. Wannan ya fi dacewa da tsofaffi da marasa lafiya da zafi ke kamawa a cikin gida. Ɗan wasan da ya faɗi a fili yawanci jiƙe yake da gumi, don haka ganin gumi ba dalilin kwanciyar hankali ba ne. Haka kuma na'urar auna zafi ta goshi ko ta kunne ko ta hammata ko ta baki ba abin dogaro ba ce ga wanda ya fito daga motsa jiki, takan nuna ƙasa da gaskiya. Ta dubura ce kaɗai ke ba da sahihin adadi a bakin fili, kuma aikin ma'aikacin lafiya ne. Inda babu ita, duk ɗan wasan da hankalinsa ya gushe a cikin zafi a ɗauke shi a matsayin mai bugun zafi har sai likita ya ce ba haka ba.

Taimakon farko ga mai bugun zafi

Ƙa'idar da masana suka tsaya a kai ita ce a fara sanyayawa kafin a ɗauka. Illar da gaɓoɓin ciki ke samu ta danganta ne da tsawon lokacin da jiki ya yi yana sama da digiri 40. Tafiyar minti 40 cikin cunkoso a mota mai zafi, da jiran kati a asibiti, na iya cinye damar gaba ɗaya.

Na ɗaya, a duba numfashi. Idan ba ya numfashi, ko yana wani irin gurnani jefi-jefi, zuciya ce ta tsaya. A fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, a ci gaba har taimako ya iso.

Na biyu, a raba aiki. Mutum ɗaya ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya tanadi mota ya kuma sanar da asibiti, wani ya nemo ruwa da ƙanƙara, wani ya lura da agogo, wani ya janye taro don iska ta shiga.

Na uku, a kai shi inuwa mafi kusa, a cire masa tufafin da suka yi yawa, tare da kiyaye mutuncinsa. Idan mace ce, mata su jagoranci aikin inda hali ya yi, a kare ta da zane, amma kada neman hakan ya jawo jinkiri. Ruwa yana ratsa rigar wasa mara nauyi.

Na huɗu, a tsoma shi cikin ruwan sanyi har zuwa ƙirji ko wuya. Babu hanyar da ta kai wannan sauri, tana iya sauke digiri ɗaya cikin minti biyar ko ƙasa da haka. Babban baho ko rabin tanki ya wadatar. A zuba ƙanƙara, a riƙa motsa ruwan, wani kuma ya tallafe shi ta hammata da tawul don kada kansa ya nutse.

Inda babu baho, a shimfiɗa tamfol, a kwantar da shi a tsakiya, mutane huɗu zuwa shida su ɗaga gefuna ya zama kamar kwarya, a zuba ruwa da ƙanƙara ana girgizawa a hankali. Idan wannan ma bai samu ba, a riƙa kwarara masa ruwa mafi sanyi da ke kusa, na randa ko na leda ko na famfo, daga wuya zuwa ƙafa ba tsayawa, ana fifita da ƙarfi. A lulluɓe kai da jiki da tawul da aka tsoma a ruwan ƙanƙara, ana sauya su duk minti 2 zuwa 3, domin tawul da ya ɗumama riƙe zafi yake yi. Ƙullin ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi yana taimakawa, amma shi kaɗai bai isa ba.

Na biyar, a san lokacin tsayawa. Idan akwai ma'aikacin lafiya mai aunawa, a fitar da shi daga ruwa da zarar zafin ya sauko kusan digiri 39. Idan babu, a ci gaba na minti 15 zuwa 20, ko har hankalinsa ya dawo ko ya fara rawar ɗari.

Na shida, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo yana magana. Lalacewar hanta da ƙoda da tsoka, da matsalar daskarewar jini, kan bayyana ne bayan sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu. A ci gaba da jiƙa shi a hanya, a buɗe tagogi ko a kunna na'urar sanyaya mota, a kuma gaya wa likita lokacin da ya faɗi da abin da aka yi masa. Wanda bai farfaɗo ba amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi.

Kurakuran da ake yawan yi

Mafi yawa shi ne ɗaukar lamarin a matsayin zazzaɓi. Farasitamol da asfirin da ibufurofen suna aiki ne a kan zafin da ƙwayar cuta ta jawo, ba su da tasiri ga bugun zafi, kuma suna iya ƙara wa hanta da ƙoda rauni a lokacin da suke cikin matsi. Maganin maleriya ma ba shi da gurbi a nan sai bayan gwaji.

Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko lemo ko madara ko wani jiƙo, domin yana iya wucewa huhu. Kada a cusa cokali ko yatsa a bakin mai jijjiga, kada kuma a danne shi. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kare kansa. Sambatu da fizge-fizge kan sa wasu su zaci taɓin iska ne, alhali ƙwaƙwalwa ce ke ƙuna. Mai yin addu'a ya yi, hannuwa kuma na ci gaba da zuba ruwa. Tsoron cewa ruwan ƙanƙara zai kashe mai zafin jiki ko ya shanye masa ɓarin jiki ba shi da tushe ga ɗan wasan da bugun zafi ya kama. Jinkiri ne ke kisa.

Matsalolin da ke kama da cutar zafi

Shan ruwa zalla fiye da ƙima yana tsinka gishirin jini, ya jawo ciwon kai da amai da kumburin yatsu da ruɗewa, har da jijjiga. Idan an san ɗan wasa ya yi ta ɗirkar ruwa, cikinsa ya cika, jikinsa kuma bai yi zafi sosai ba, kada a ƙara masa ruwa, a garzaya da shi asibiti. Mai ciwon sukari yana iya ruɗewa saboda faɗuwar sukari; idan yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi.

Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da rukunin jini na AS. Yawancinsu suna wasa lafiya ƙalau, amma matsanancin motsa jiki cikin zafi da ƙishirwa yana iya sa jininsu ya toshe ƙananan jijiyoyi, tsoka ta fara narkewa. Alamarsa ita ce rauni da ciwo a ƙafafu ko baya, tsokar kuma a sake take, ba ta yi tauri irin na ɗaurewa ba. Wannan ma lamarin gaggawa ne. Fitsari mai launin shayi bayan wasa alama ce ta narkewar tsoka ga kowane ɗan wasa, kuma tana buƙatar likita a ranar.

Rigakafi

Sabo da zafi shi ne kariya mafi ƙarfi. Jiki yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 na atisaye a sabon yanayi, ana farawa da kaɗan ana ƙarawa, kafin ya koyi fara gumi da wuri da rage zubar da gishiri. Kwanakin farko bayan doguwar hutu ko sauya gari su ne mafi haɗari.

A tsara atisaye da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a kauce wa tsakanin ƙarfe 11 na safe da 4 na yamma a watannin bazara. A sha kamar rabin lita na ruwa sa'o'i kaɗan kafin wasa, a kuma kurɓa a kowane sauyin gefe gwargwadon ƙishirwa. Idan wasa zai wuce sa'a guda, a haɗa da abin sha mai gishiri. Auna nauyi kafin wasa da bayansa yana nuna abin da aka rasa: kowane kilo ɗaya a mayar da shi da lita 1 da kwata zuwa 1 da rabi cikin sa'o'in da suka biyo baya. Wanda nauyinsa ya ƙaru kuwa ya sha fiye da buƙata. Fitsari mai haske alama ce ta wadatar ruwa, mai duhu kuma akasin haka. A sa tufafi farare marasa nauyi da hula, a sauya rigar da ta jiƙe, a zauna a inuwa lokacin hutu da tawul mai ƙanƙara a wuya.

Wanda ke fama da zazzaɓi ko gudawa ko amai, ko bai daɗe da tashi daga maleriya ba, ya haƙura da wasa. Rashin barci da shan giya a daren jiya suna ƙara haɗari, haka ma magungunan sa fitsari da ake bai wa masu hawan jini, da wasu magungunan mura da ƙaiƙayi, da na taɓin hankali. Masu shan su su nemi shawarar likita ba tare da sun daina da kansu ba. Ƙwayoyin ƙara kuzari da na kashe ciwo suna ɓoye gargaɗin da jiki ke bayarwa. Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyi a Wasanni ta Duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Mai azumi ya mayar da atisaye mai nauyi zuwa bayan buɗa-baki. Yara kuma ba su cika faɗin abin da ke damunsu ba, musamman a gaban koci ko iyaye, don haka babba ne zai tsayar da su ya ba su ruwa.

Komawa fili

Wanda ya galabaita yana iya komawa atisaye mara nauyi bayan kwana ɗaya ko biyu idan alamomin sun gushe. Wanda bugun zafi ya kama zai huta aƙalla mako guda, likita ya duba jininsa ya sallame shi, sannan ya fara a wuri mai sanyi, yana ƙarawa sannu a hankali cikin mako biyu zuwa huɗu.

Nauyin da ke kan kulob da makaranta da mai shirya gasa bai fi ƙarfin kowa ba. Kafin a buga ƙwallon farko, a tabbatar akwai baho ko tamfol a bakin fili, da kula cike da ƙanƙara, da jarkokin ruwa, da tawul aƙalla shida, da ƙullin ORS, da rumfa, da motar da direbanta ke nan kusa. A san asibitin da za a nufa, a kuma naɗa mutum ɗaya da ke da ikon tsayar da wasa, wanda maganarsa ta fi ta koci da ta ɗan wasan kansa.